Babi na Shida: Kantoma Ba Ya Cewa A'a

A watan Nuwamba na 2007 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Kano, Malam Ibrahim Shekarau yana gwamna. Ba a sake yin wani ba sai ranar 17 ga Mayu, 2014, lokacin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso yana dab da cika shekara uku a zangonsa na biyu. Waɗanda aka zaɓa a 2007 wa'adin shekara uku gare su. Da suka kwashe komatsansu suka koma gida, sai da aka shafe sama da shekara uku babu zaɓaɓɓen ciyaman ko kansila ko guda ɗaya a ƙananan hukumomi 44 na jihar. Mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda ƙidayar 2006 ta ce sun haura 800,000 idan an haɗa su, a rediyo suke jin sunan wanda zai riƙe musu sakateriya.

Abin ya daɗe, kuma kowace jam'iyya ta taɓa shi. Gwamnonin jamhuriya ta biyu da kwamitocin naɗi suka tafiyar da ƙananan hukumomi. Sojoji suka zo a ƙarshen 1983, suka aika da kantomomi. An sake samun giɓi zamanin Dokta Abdullahi Umar Ganduje, daga 2017 zuwa zaɓen 10 ga Fabrairu, 2018. Da wa'adin waɗanda aka zaɓa a 2021 ya ƙare, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa kwamitocin riƙo a watan Maris na 2024. A takarda sunan yakan canza, yau shugaban riƙo, gobe jami'in gudanarwa na wucin gadi, amma mutumin ƙauye duk kantoma yake ce musu.

Hujjar da ake kawowa kusan kullum ta kuɗi ce. Wani lokaci a ce zaɓe yana da tsada, aljihun gwamnati kuma babu nauyi. Wani lokaci a ce zaɓaɓɓun sun yi wadaƙa da dukiyar jama'a, sun cika takardar albashi da ma'aikatan bogi, dole a turo wanda zai tsaftace wuri. Maganar ba shirme ba ce, ta cancanci a zauna a auna ta. Idan gari ya faɗa matsin kuɗi, aka ture waɗanda mutane suka zaɓa, aka kawo wani daga sama, garin yakan farfaɗo?

Wurin da aka gwada wannan dabara a fili, da doka a rubuce, shi ne Jihar Mishigan ta Amurka. A 2011 majalisar jihar ta yi dokar da ta ba gwamna Rick Snyder ikon naɗa manajan gaggawa a kan duk birnin da bashi ya yi wa katutu. Shi wannan manaja yana iya dakatar da ikon magajin gari da kansiloli, ya warware yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙungiyoyin ma'aikata, ya sayar da kadarorin gari. Jama'a ba su so ba. A watan Nuwamba na 2012 suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama suka soke dokar. Kafin shekara ta fita majalisa ta sake yin wata mai kama da ita, ta kuma cusa mata wani kason kuɗi a ciki, domin a tsarin jihar dokar da ke ɗauke da kasafi ba a kai ta ƙuri'ar raba gardama. Wayon 'yan siyasa dai ba shi da ƙasa.

Birnin Detroit ne babban misalin masu yabon wannan tsari. A 1950 mutanensa sun kusa miliyan 2. Masana'antun mota suka yi ta ƙaura, masu hali suka bi su, har mazauna suka koma wajen 700,000, ga tituna da bututu da 'yan fansho na babban birni, ga masu biyan haraji na ƙaramin gari. A watan Maris na 2013 aka naɗa wani lauya, Kevyn Orr, manajan gaggawa. A watan Yuli ya kai birnin kotu ya ce ya karye, bashin da ke kansa ya kai wajen dala biliyan 18. Kafin ƙarshen 2014 an yafe ko an daidaita kusan biliyan 7, an rage wa tsofaffin ma'aikata fansho da kashi 4.5 cikin ɗari, Orr ya ajiye aiki ya tafi. Littafin kuɗi ya daidaita, wannan babu musu. Sai dai a lura da abin da aka ba shi: iko na gaske a kan asusu, kotu da ke duba kowane mataki, da ranar tafiya.

A arewa da Detroit, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a mota, akwai Flint. Can ma an turo manajoji, ɗaya bayan ɗaya. A watan Afrilu na 2014, domin a rage kashe kuɗi, aka daina sayen ruwa daga Detroit aka koma ɗiba daga kogin Flint, ba tare da an sa sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba. Ruwan ya ci tsofaffin bututun, dalma ta narke ta shiga famfunan gidaje. Mu nan ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba, mun ga abin da ta yi wa yaran Zamfara a 2010. Mata suka yi ta zuwa taro da kwalabe cike da ruwa mai launin tsatsa. Kamfanin General Motors ya daina amfani da ruwan tun watan Oktoba na 2014, saboda yana lalata masa ƙarafan inji, amma mutane suka ci gaba da sha. A watan Maris na 2015 kansilolin gari suka kaɗa ƙuri'a, 7 da 1, cewa a koma ruwan Detroit. Manajan lokacin, Gerald Ambrose, ya ƙi, kuma doka tana bayansa. Sai da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da sakamakon gwajin jinin yara a watan Satumba, sannan aka mayar da ruwan a watan Oktoba. Wata cutar huhu da ta ɓarke a wannan tsakani ta kashe aƙalla mutum 12. Kwamitin da gwamnan da kansa ya kafa ya ɗora wani kaso na laifin a kan dokar manajan gaggawa, diyyar da aka amince a biya daga baya kuwa ta haura dala miliyan 600, ninkin-ba-ninkin abin da aka so a tattala.

Kansilolin Flint ba su fi manajan ilimin lissafi ba. Abin da suka fi shi kawai, ruwan suke sha, kuma maƙwabtansu sun san ƙofar gidajensu.

To mu dawo gida, inda ciwon daban ne. Detroit ta talauce don masu biyan haraji sun gudu. Kiru da Tudun Wada kuwa mutane ƙaruwa suke yi, kuma tun da daɗewa ba da harajin mutanensu suke rayuwa ba. Zamanin En'e, dagaci ya tara haraji, hakimi ya kai, kuɗi ya shiga baitulmali, da zaluncinsa da komai. Alhaji Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali da hawansa mulki a 1979, talakawa suka yi murna, kuma suna da gaskiya. Amma tun daga nan idon ƙaramar hukuma ya koma kan kason da ake turowa, a da daga Ikko, yanzu daga Abuja.

Manyan dukiyoyin da ke zaune a wannan yanki kuma, a takarda ba na ƙaramar hukuma ba ne. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka fara zamanin Audu Bako aka kammala a 1974, a ƙasar Bebeji take, amma hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya ce ke da ita. Kuzar Riruwai, kamar kowane ma'adini a Nijeriya, ta gwamnatin tarayya ce. Dajin Falgore na jiha ne. Abin da tsarin mulki ya bar wa ƙaramar hukuma ta karɓa bai wuce kuɗin rumfa da na tasha da mayanka da lasisin keke da amalanke da makamantansu ba. Duk cikar kasuwar Kwanar Ɗangora, duk yawan motocin masara da ke fitowa daga Doguwa da kaka, abin da mai rasit zai tara ba zai riƙe albashin malaman firamare ba.

Kason Abuja kuwa ba kaɗan ba ne. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 lambobin sun yi sama sosai. Matsalar tana kan hanya. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya ce a zuba kuɗin a asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi. Daga nan ake cire albashin malamai, a cire fansho, a cire kason masarauta, a cire na ayyukan haɗin gwiwa. Abin da ya rage shi ke isa sakateriya, kuma ko shi ɗin, duk aikin da ya ɗan yi kauri sai an nemo sahalewar Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi a Kano. Wasu cire-ciren suna da dalili mai kyau. Waɗanda suka yi koyarwa a farkon shekarun 1990, lokacin da aka damƙa albashin malamai a hannun ciyamomi, suna tuna watannin da suka yi babu ko sisi. Amma ƙofar da aka buɗe don malamai, komai ma ta nan yake fita.

Idan haka ne, me aka turo kantoma ya gyara? Rufi ne ke yoyo, aka aiko mutum da tsumma ya goge daɓe. Manajan Detroit an miƙa masa makullin asusu. Namu kantoman makullin yana hannun wanda ya naɗa shi, kuma takardar da ta kawo shi ita ce za ta iya mayar da shi gida gobe da safe.

Dubi aikin titin kilomita biyar. A zangon Kwankwaso na biyu, daidai lokacin da babu zaɓaɓɓu, aka tsara cewa kowace ƙaramar hukuma a yi mata titi mai tagwayen hanya na kilomita biyar a hedikwatarta, da kuɗin da jiha da ƙananan hukumomi suka haɗa. Ni ban ga laifin niyyar ba, kuma inda aka gama aikin gari ya yi kyau. Amma awo ɗaya aka yi wa kowa. Doguwa ta fi murabba'in kilomita 1,400, duwatsu ne da rafuka, ta yi iyaka da Kaduna da Bauchi, mutumin Riruwai ma ya fi kusa da Saminaka a kan birnin Kano. Manomin Zainabi ko Dariya da za a tambaye shi, mai yiwuwa ya ce a bar fitilun kan titi, a yi masa kwalbati da hanyar burji da mota za ta shiga ta ɗauko masara da damina. Mai yiwuwa kuma ya zaɓi titin. Ba a tambaye shi ba, kuma babu wanda ke kan kujera da zai tambaya a madadinsa. Da yawa daga titunan ba a gama su ba har gwamnati ta sauka a 2015, suka zama abin jifan juna tsakanin Kwankwasiyya da Gandujiyya, sai da gwamnatin Abba ta zo aka koma kansu.

Wani abu ya faru a ƙarshen 2023 da ya nuna bambancin ƙarara. Gwamnatin jiha ta shirya gina gadojin sama a Tal'udu da Ɗan Agundi, a tsakiyar birni, aka ji cewa za a taɓa kuɗin asusun haɗaka. Ciyamomin lokacin suka garzaya babbar kotun tarayya a Abuja. Kada a ɗauka waliyyai ne: 'yan APC ne da aka zaɓa zamanin Ganduje, gwamna kuma a lokacin ɗan NNPP ne, da a ce jam'iyyarsu ɗaya da wuya a ji ko tarinsu. Duk da haka, an samu wanda ya tashi ya ce kuɗin Bebeji ba na gadar birni ba ne. Bayan 'yan watanni wa'adinsu ya ƙare, kwamitocin riƙo suka shiga. A watan Agusta na 2024 sai ga labari ya fasu cewa an umarci ƙananan hukumomi 44 kowacce ta biya wajen naira miliyan 10 ga kamfani guda don sayen magunguna, kuma da yawa har sun biya. Gwamna ya ce bai san da zancen ba, ya sa hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha, ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimin Gado, ta bincika. Gano mai laifi aikin masu bincike ne da kotu. Abin da ya shafi wannan babi shi ne yadda takarda ɗaya ta zagaya sakateriya bayan sakateriya ana sa mata hannu. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin ma'aji ya san amsar da ake bayarwa a irin wannan rana: «Daga sama aka ce.»

A Katsina ma an yi gwajin da sunan tsimi. A watan Yuli na 2015 Gwamna Aminu Bello Masari ya rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi 34 da ya gada daga gwamnatin Ibrahim Shema, bisa zargin almundahana da kuɗin jama'a. Suka tafi kotu. Ranar 7 ga Mayu, 2021, Kotun Ƙoli ta ce rushewar haramtacciya ce, a biya su haƙƙoƙinsu. Wato an biya waɗanda aka naɗa a madadinsu, ga kuma bashin waɗanda aka kora. Jihar ba ta sake yin zaɓen ƙananan hukumomi ba sai watan Afrilu na 2022.

A yi wa kantoma adalci. Akwai aikin da ya fi ɗan siyasa iyawa, musamman idan gogaggen ma'aikaci ne da ba ya neman ƙuri'ar kowa. Yana iya zama ya tantance ma'aikata, ya fitar da sunan wanda ya rasu tun bara amma albashinsa yana fita, ba tare da tsoron ɗan wane ne ba. Babu alawus na kansiloli, babu rundunar masu ba da shawara, babu 'yan jagaliya a bakin ƙofa. Dattawa da yawa a karkara har yau suna yabon wasu kantomomin zamanin soja, suna cewa ma'aikata kan zo ofis da wuri, asibitin sha-ka-tafi kuma akwai magani. Na yarda da su. Irin wannan aiki na wata uku ne ko shida, da sharuɗɗa a rubuce da rahoton da kowa zai gani. Amma kantomomin zamanin farar hula galibi ba irin waɗancan ba ne. 'Yan jam'iyya ne da ake saka wa wahalar kamfe, wani ma yana riƙe kujerar ne yana jiran a tsayar da shi takara. Shi ba ƙwararre ba, shi ba zaɓaɓɓe ba. Ba a taɓa gaya wa mutanen gari nawa ne bashin da ya tarar ba, balle a gaya musu nawa ya bari. A maƙwabta ma hanyar da aka bi ke nan: a watan Afrilu na 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya rushe zaɓaɓɓun majalisun garuruwan Nijar, ya naɗa masu riƙo a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, da yawansu masu kaki.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta. Kotu ta ce sashe na 7 na tsarin mulki zaɓaɓɓun shugabanni ya sani, gwamna ba shi da ikon naɗa 'yan riƙo, kada a saki kuɗi ga ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba, kuma daga yanzu a riƙa biyan kowacce kai tsaye. Nan da nan kuɗin zaɓen da aka ce babu ya samu a jiha bayan jiha. Kano ta sallami kwamitocin riƙo a watan Satumba, ta yi zaɓe ranar 26 ga Oktoba. NNPP ta cinye kujerun ciyaman 44 da na kansila 484, ba ta bar ko ɗaya ba, kamar yadda APC ta cinye duka 44 a 2014 da 2018 da 2021.

Mai karatu zai ce, to ina bambancin? Wanda aka ɗauko aka ɗora, hukumar zaɓen da gwamna ya naɗa ta sanar da shi, ai kantoma ne da rawani. Akwai gaskiya a ciki, har ta fi rabi. Amma ba duka ba. Zaɓaɓɓe, ko da zaɓen jeka-na-yi-ka ne, yana da wa'adin da doka ta tsare masa, kuma shari'ar Katsina ta nuna korarsa tana da tsada. Yana da hurumin kai ƙara da sunan ƙaramar hukumarsa. Sannan akwai kansila. Kansilan Burum-Burum ko na Yako ko na Rantan a cikin mazaɓarsa yake kwana, a masallacin unguwa yake sallar asuba, idan rijiyar burtsatse ta lalace kafin ya karya kumallo an yi masa sallama sau uku: «Ranka ya daɗe, yaya maganar ruwan nan?» Sau da yawa ba shi da abin yi sai ba da haƙuri. Amma ƙorafin ya samu kunnen da zai shiga, kuma mai kunnen yana son a sake tsayar da shi.

Ɓangaren hukuncin da ya shafi kuɗi shi ne ya maƙale. Aka shiga maganar buɗe asusu a Babban Bankin Nijeriya, da sharuɗɗan da za a cika, da kwamitoci, har aka zagayo shekara guda kason galibin ƙananan hukumomin ƙasar nan yana bi ta hannun jihohi kamar da. Ofishin babban akanta na tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma wata-wata, ɗalibi a Kiru mai waya da intanet zai iya ganin na garinsu har kwabo. Abin da ba a wallafawa shi ne nawa ne ya iso sakateriya bayan an gama cire-cire, kuma a babi na gaba wannan lissafi za mu bi, mu fara da albashin malaman firamare.